Malamin da ya bar aji ya shiga daji: labarin Meinrad da majami'ar Einsiedeln



Makon jiya ina ba ƴan sankiyam darasin tarihin Turai na tsakiyar zamani, muka iso wurin da ake maganar gidajen ruhubanawa, wato mutanen nan na addinin Kirista da ke barin aure da dukiya su taru gida guda suna ibada da aiki da karatu. Ina da wani kati mai hoto da wani abokin aiki ya kawo mani tsaraba shekarun baya, da ya dawo daga horo a ƙasar Suwis. Hoton wata ƙatuwar majami'a ce mai hasumiya biyu, a gefe kuma an buga tambari mai baƙaƙen tsuntsaye biyu. Na ba yara suka yi ta miƙa wa juna, na kuma ba su labarin mutumin da aka gina wurin dominsa, a taƙaice. Da na gama sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to ke nan kuskure ya yi da ya buɗe masu ƙofa?" Kafin in haɗa amsa aka buga ƙararrawa. Iyayen yarinyar daga wani ƙauye na kudancin Maradi suka taso suka dawo gari saboda ƴan bindiga, don haka na san ba don ta ci mani lokaci ta yi tambayar ba. Amsar da na kasa ba ta ran nan ita na kawo nan, amma sai na fara da labarin yadda yake.

Sunan mutumin Meinrad. An haife shi wajajen shekara ta 797 a yankin da yau yake kudu maso yammacin Jamus, kusa da garin Rottenburg, lokacin sarki Sharlaman na bisa gado. Don yara su kama zamanin, nakan ce masu shi da Imamu Buhari sun yi zamani ɗaya, tunda Buhari an haife shi a 810 ya rasu a 870. Tun yana yaro aka kai Meinrad makarantar Reichenau, wani tsibiri cikin tafkin Konstans inda aka kafa gidan ruhubanawa a 724. A lokacin, wanda ke son ɗansa ya iya karatu da rubutu a wannan yanki irin waɗannan gidaje yake nufa, balle ma da Sharlaman ya ba da umurni a 789 cewa a buɗe makarantu a cikinsu. Lissafin littattafan Reichenau da aka yi wajajen 821 ya haura 400, kowane da hannu aka rubuta shi bisa fata. Malamin Meinrad wani danginsa ne mai suna Erlebald, wanda daga baya ya zama shugaban gidan. A hannunsa ya yi karatu, ya zama limamin addininsu, ya kuma ɗauki alkawarin ruhubananci. Da suka ga ya ƙware sai suka yi mashi afektasiyo, kamar yadda muke cewa, zuwa wani ƙaramin reshe da ke bakin tafkin Zurik don ya riƙe makarantar wurin. Ashe dai abokin sana'armu ne.

Gidan Reichenau ƙa'idar Benedikt yake bi. Shi Benedikt mutumin Nursiya ne a Italiya, ya rayu tsakanin wajajen 480 da 547, ya kafa gidan Monte Kasino wajajen 529, ya kuma bar wa almajiransa ƙa'ida mai babi 73. Ta raba yini tsakanin ibada da aikin hannu da karatu, har ta tanadi cewa a lokacin azuminsu na kafin Ista a ba kowa littafi guda ya karance shi daga farko har ƙarshe. A tarukan da aka yi a Aachen a 816 da 817, zamanin Luwi ɗan Sharlaman, aka nemi dukan gidajen daular su koma kanta. Babinta na farko ya yi maganar masu halwa, waɗanda ke fita su zauna su kaɗai a jeji, amma ya sa sharaɗi: sai wanda ya daɗe yana horuwa cikin jama'a ne ya cancanci fita shi kaɗai.

Wannan hanya ce zuciyar Meinrad ta karkata gare ta. Tsohon tarihin rayuwarsa ya ce wata rana ya ɗauki waɗansu ɗalibansa suka ƙetare tafki da sunan kamun kifi, shi kuwa yana duba inda zai zauna. Ya sami wata mata mai tsoron Allah da ta yi mashi alkawarin abinci. Da izinin shugabansa, wajajen 828 ya hau tudun Etzel ya kafa bukka. Shekara bakwai ya yi a nan, mutane suka yi ta zuwa neman shawara da addu'a har shirun da ya fito nema ya gagara. Wajajen 835 ya ƙara nutsawa ciki, zuwa wani kurmi da ake kira Baƙin Daji saboda duhun itatuwansa, wuri mai tsawon kusan mita 900 bisa teku inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Ya gina ɗaki da ɗan wurin ibada, ya zauna shekara 26. Nan ma ba a bar shi ba. Masu zuwa kan kawo mashi kyauta, shi kuma ya raba wa matalautan da suka biyo baya. Sai magana ta bazu cewa akwai wani tsoho shi kaɗai cikin daji da ake kai wa kaya.

Ranar 21 ga Janairu 861 mutum biyu suka zo. Tarihin ya ce ya gane abin da ya kawo su, ya ƙarasa ibadarsa, ya buɗe, ya ba su burodi da abin sha, har da tufafinsa. Suka buge shi da kulake har ya mutu, suka bincike ɗakin ba su sami dukiyar da suke zato ba. Daga nan labarin tsuntsaye ya shigo. An ce akwai hankaki da suka saba karɓar abinci a hannunsa. Hankakan can ya fi namu girma, kuma baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji. Su ne suka bi maharan suna kuka suna kai masu sara a ka har cikin Zurik, tafiyar kusan kilomita 40, mutane suka lura, aka kama su, aka yanke masu hukuncin kisa. Ruhubanawan Reichenau suka zo suka ɗauki gawar suka rufe ta a tsibirinsu.

Da labarin ya tsaya nan, da ba mu ji shi ba. Bayan shekara arba'in da wani abu, waɗansu masu halwa suka tare a kangon. Cikinsu akwai Benno, mutumin Strasbur, wanda aka naɗa bishop na Metz a 927, abokan gaba suka makantar da shi, ya dawo dajin ya ƙarasa kwanansa. A 934 wani babban limami daga Strasbur mai suna Eberhard ya zo ya tara su gida ɗaya ƙarƙashin ƙa'idar Benedikt, ya zama shugabansu na farko. Sarki Otto na 1 ya ba gidan takardar ƴanci a 947, sarki Hanri na 2 ya ba shi dajin a 1018, a 1039 kuma aka dawo da ƙasusuwan Meinrad daga Reichenau zuwa inda aka kashe shi. Sunan garin da ya tashi a wurin, Einsiedeln, daga kalmar Jamusanci ta mai halwa ya samo asali. Ranar 21 ga Janairu ita ce ranar tunawa da shi har yau.

Majami'ar da ke cikin katina an fara gininta a 1719 aka buɗe ta a 1735, bisa zanen wani ɗan gidan mai suna Caspar Moosbrugger. Wanda ya shiga ta babbar ƙofa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wani ƙaramin ɗaki na baƙin marmara tsaye shi kaɗai ƙarƙashin ƙubba, ɗaki cikin ɗaki. Nan ne ake cewa ɗakin Meinrad yake, kuma duk sabon ginin da aka yi, kewaye shi ake yi a bar shi a gurbinsa. Can gaba, cikin babban bagadin majami'ar wanda Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya keɓe a watan Yuni 1984, an ajiye ƙoƙon kan Meinrad. Hankakin nan biyu kuwa suna bisa tambarin gidan da na garin. A kan tudun Etzel ma akwai ƙaramin wurin ibada mai sunansa, da masauki kusa da shi.

Wurin ya sha wuya. Gobara ta ci shi sau da yawa, ciki har da ta 1465. A daren 6 ga Janairu 1314 mutanen Schwyz, da ke rigimar makiyaya da gidan, suka afka mashi suka kwashe kaya suka tafi da ruhubanawa a kame, har da malamin makarantar gidan, Rudolf von Radegg, wanda daga baya ya rubuta abin da ya gani. Wannan hari na cikin dalilan yaƙin Morgarten na 1315 da ƴan Suwis ke karanta wa ɗiyansu a lakwal. Ku lura, rigimar gona da burtali ce ta kai su can. A watan Mayu 1798 sojojin Faransa suka shiga, suka wawashe gidan, suka rushe ƙaramin ɗakin. Wanda ake gani yau an sake gina shi tsakanin 1815 da 1817.

A nan aikinmu na malaman tarihi yake farawa. Washegari na ja layi biyu a tablo, na raba shi gida uku: abin da takardun zamanin suka tabbatar, abin da marubucin farko ya ji ya rubuta, da abin da aka ƙara daga baya. Zaman Meinrad a Reichenau, kisan da aka yi mashi, kafa gidan a 934 da takardar Otto, duk gida na farko suka shiga. Labarin hankaki da cewa ya san niyyar maharan yana cikin tarihin da wani ɗan Reichenau ya rubuta shekaru gommai bayan mutuwarsa. Yara da kansu suka tambaya: in shi kaɗai ne a ɗakin, wa ya ga abin da ya faru? Na ce masu in akwai mai ba da labari, to maharan ne a gaban alƙali, sauran kuma marubucin ya rubuta ne don ya nuna waliyyi, ba don ya yi rahoton jandarma ba. Sai muka sa shi a gida na biyu.

Gida na uku ya fi ban sha'awa. An keɓe ƙaramin ɗakin ranar 14 ga Satumba 948. Daga baya labari ya fito cewa a daren, kafin bishop Konrad na Konstans ya yi aikinsa, mala'iku sun sauko an keɓe ɗakin daga sama. Akwai ma takarda da sunan Paparoma Leo na 8 da ke gaskata haka, mai ɗauke da shekarar 964. Masana sun gano a ƙarni na 12 aka ƙirƙire ta. Duk da haka labarin ne ya jawo dubban masu ziyara, kuma har yau ana bikinsa kowace 14 ga Satumba. Haka nan mutum-mutumin Nana Maryamu da ke cikin ɗakin, wanda ake kira baƙar Madona. Labarin baka ya ce tun Meinrad yake, alhali sassaƙar ƙarni na 15 ce, an kafa ta bayan gobarar 1465. Yara suka yi murna suna cewa ashe baƙar fata ce irinmu. Na ce a'a, hayaƙin kyandir da fitilu ne na shekaru ya baƙanta itacen. Lokacin harin 1798 an gudu da ita zuwa Otirish, mai gyara ya goge ta, amma mutane sun riga sun saba da ganinta baƙa, sai aka shafa mata baƙin fenti, aka dawo da ita a 1803. Yau yawancin masu zuwa Einsiedeln dominta suke zuwa. Malamin da aka fara ginin saboda shi ya koma bayan labule a gidansa.

Na san wani uba zai ce me ya haɗa ɗiyanmu da wannan. Mu musulmi ba mu da ruhubananci, kuma ajiye ƙashin mamaci cikin wurin ibada baƙon abu ne gare mu. Kiristoci ma ba duka suka yarda da shi ba: Zwingli, wanda ya yi limanci a Einsiedeln ɗin nan daga 1516 zuwa 1518, shi ne ya koma Zurik ya jagoranci gyaran da ya fitar da mutum-mutumi daga majami'un birnin. Ba aƙida nake koyarwa a wannan darasi ba. Ina koya wa yaro ya tambayi kowane labari: wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake so in ji. Yaron da ya iya yi wa labarin Suwis wannan tambaya cikin ladabi zai iya yi wa labarin Bayajida, ko na waliyyai 99 na tafkin Madarunfa, ba tare da ya raina kakanninsa ba, kuma zai iya yi wa saƙon murya da aka turo mashi a WhatsApp.

To, mu koma ga tambayar yarinyar. Cocin Katolika na kiran Meinrad shahidin karɓar baƙi. Mu ma mun taso ana ce mana baƙonka annabinka, kuma da yawanmu mun ga lokacin da matafiyi ke kwana a zauren wanda bai taɓa gani ba. Yau a ƙauyukan bakin iyaka, baƙon da ya tambayi gidan wane da yamma tsoro yake sa wa, kuma mutane na da hujja. Ba zan tsaya gaban yarinyar da aka kora daga garinsu in ce mata ta buɗe wa kowa ƙofa ba. Ba zan kuma ce mata alherin Meinrad ne ya kashe shi ba. Mutum biyu masu kwaɗayi suka kashe shi, laifin nasu ne. Abin da ya ba su dama shi ne ya kasance shi kaɗai, ba maƙwabci, ba mai jin kukansa sai tsuntsaye.

Da na sake duba ƙa'idar Benedikt sai na ga ta riga ta yi tunanin wannan. Babi na 53 ya wajabta karɓar baƙo da girmamawa, musamman matalauci da matafiyi, amma ya tsara yadda za a yi: a fara addu'a tare kafin a gaisa, baƙi su sami masaukinsu da madafarsu daban, a ɗora wa mutum guda mai hankali kula da su, sauran ƴan gida kuma kada su shiga hira da baƙo ba izini. Babi na 66 ya ce a sa dattijo mai natsuwa a bakin ƙofa, wanda ya iya karɓar saƙo ya iya mayar da amsa, ɗakinsa na nan kusa don duk mai zuwa ya tarar da mutum. Waɗanda suka gaji Meinrad ba su toshe hanyar dajin ba bayan an kashe shi. Sun taru suka yi gida, suka sa mai gadi, suka ci gaba da karɓar baƙi fiye da shekara dubu. An kai masu hari a 1314 da 1798, ba su tsira daga sharri ba, amma da yake jama'a ce, kullum akwai waɗanda suka saura suka sake gini.

Mu ma muna da irin wannan tsari tun kaka da kakanni. Baƙo kan sauka a zaure ne, ba cikin gida ba. Akan kai shi gaban mai unguwa ko mai gari, a san daga ina yake, ina za shi, sannan gidaje su aiko da tuwo. Gari ne ke saukar da baƙo, mai gida wakili ne kawai. Abin da na faɗa wa yarinyar ke nan da muka sake haɗuwa: ba a buɗe ƙofa a kaɗaice, ba a kuma rufe ta a kan mai jin yunwa, ana kiran manya da maƙwabta a buɗe tare. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Mushe, a garinmu ma da mutane ba su watse ba, da ba mu taso ba." Ban sami abin ƙarawa ba.

Saura kalma guda ga ƴan uwana malamai. Ba wanda ya yi shekara ashirin da alli a hannu bai taɓa jin abin da Meinrad ya ji ba, ranar da aji ya cika da yara tamanin, albashi ya yi jinkiri, kai kuma kana hangen wani wuri mai shiru. Na san abokai da suka ajiye alli, ban zarge su ba. Amma tarihin wurin nan ya ba ni dariya ya kuma ba ni tunani: mutumin ya gudu daga makaranta, ɗalibai da masu tambaya suka bi shi har sau biyu, daga ƙarshe a kan kangonsa aka gina gidan da har yau yake riƙe da lise ta maza da mata. A 1854 ma ruhubanawan Einsiedeln sun ƙetare teku suka kafa wani gida a jihar Indiyana ta Amurka, suka sa mashi sunan Meinrad, nan ma makaranta ce suka buɗe. Hausawa na yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka. Da yara suka tambaye ni me ya sa na ajiye katin nan shekara da shekaru cikin kayena na shirin darasi, na nuna masu tsuntsayen na ce sana'armu ɗaya da su.

Iyaye kuwa, roƙona ɗaya ne. In yaro ya dawo gida da labarin wata ƙasa ko wani addini daga lakwal, kada a kore shi da tsawa. A zaunar da shi a tambaye shi wa ya faɗa, yaushe aka rubuta, shi kuma me ya gane. Allah ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka taso gidajensu.